Ƙanƙara, akwatin sanyi ko inji: da wanne ya kamata a ɗauko zuciyar dashe?

Da zarar likitan tiyata ya matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciyar mamaci, jini ya daina ratsa ta, to lokaci ya fara ƙurewa. Ƙoda tana iya kwana ta wuni a cikin sanyi, a dasa ta, ta kama aiki. Hanta tana jure awa 10 zuwa 12. Zuciya kuwa ba ta da wannan haƙuri. Awa 4 ce ƙa'idar da likitoci suka daɗe a kanta, in an matsa ƙwarai a kai awa 6. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a yanko ta, a naɗe, a sa a mota, a hau jirgi, a sauka, a sake shiga mota, sannan a zauna ɗinki, wanda shi kaɗai yakan ci kusan awa guda. In ka cire duk waɗannan, abin da ya rage wa jirgi a sama bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba.

Shekaru da dama hanya ɗaya kowa yake bi: a sa zuciyar a kula mai cike da ƙanƙara. Yanzu hanyoyin sun kai huɗu, kuɗinsu kuma ya bambanta nesa ba kusa ba. Asibitin da ke dashe dole ya zaɓa, iyalin da ke neman inda za su kai majinyacinsu kuma ya kamata su san abin da asibitin ya zaɓa da dalilinsa. Maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Ciwon nan da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, naman zuciya ya saki ta buɗe ta kasa turo jini, ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, wani bincike a Sakkwato kuma ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. Da yawa suna samun sauƙi da magani, wasu kuwa zuciyar ba ta komawa daidai. Najeriya tana dashen ƙoda, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ma ya fara tun 2002, amma babu tsayayyen shirin dashen zuciya a ƙasar, sai an fita waje.

Ra'ayina tun daga farko shi ne babu hanya ɗaya da ta fi sauran a kowane hali. Abu uku ne ke yanke hukunci: nisan tafiya, shekarun mamacin da lafiyar zuciyarsa, da kuma yadda ya rasu.

Abin da ke samun zuciya a hanya

Kafin a cire zuciya, ana ɗura mata ruwa mai sanyi ta cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita, ruwan da aka haɗa da sinadaran da ke tsayar da bugunta nan take. Zuciyar da ba ta bugawa ba ta cin abinci sosai, sanyi kuma yana ƙara rage cin. Duk saukar digiri 10 tana raba aikin ƙwayoyin halitta kusan gida biyu, shi ya sa a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Amma wannan kashi ɗayan yana nan yana ci, ba tare da iskar oksijin ba. Makamashin da ke cikin ƙwayoyin yana ƙarewa a hankali, sinadarin laktet yana taruwa, gishiri da ruwa suna kutsawa ciki, ƙwayoyin su kumbura. Sannan a lokacin da aka saki jinin sabon mai ita ya shiga, wata ɓarnar ta biyu tana aukuwa, domin oksijin da ya zo gaba ɗaya yana ƙona ƙwayoyin da suka jigata.

Sakamakon da kowane likitan dashe yake tsoro shi ne kasawar sabuwar zuciya a awa 24 na farko. An ɗinka ta lafiya, babu zubar jini, jiki bai ƙi ta ba, amma ta ƙi matsawa da ƙarfi. In abin ya yi tsanani sai an jona majinyacin da na'urar Ekmo, wadda ke fitar da jini ta ba shi oksijin ta mayar da shi, har zuciyar ta farfaɗo, in za ta farfaɗo. Wannan kasawa ce kan gaba wajen kashe masu dashe a kwanaki 30 na farko. Don haka ita ce ma'aunin da zan riƙa auna kowace hanya da shi.

Kula da ƙanƙara

Dashen farko da Christiaan Barnard ya yi a asibitin Groote Schuur na Kef Tawun, ranar 3 ga Disamba 1967, bai buƙaci kula ba, domin ɗakin da aka ciro zuciyar Denise Darvall yana maƙwabtaka da wanda Louis Washkansky yake kwance. A ƙarshen shekarun 1970 ne aka fara ɗauko zuciya daga wani gari, tun daga nan kuma tsarin bai canza sosai ba. Ana sa ta a jakar leda mai ruwan adanawa, a sa wannan a jaka ta biyu da ta uku, a binne a ƙanƙara cikin irin kular da muka sani. Ruwan ne aka yi ta gyarawa: akwai na Jami'ar Wisconsin da Belzer da Southard suka haɗa a shekarun 1980, akwai Custodiol na Bretschneider daga Jamus, akwai Celsior daga Faransa, da na asibitin St Thomas na Landan. Kowace cibiya da wanda ta saba da shi, kuma babu wanda ya tsere wa sauran tserewar da za ta rufe gardama.

Kada a raina wannan hanya. Ba ta buƙatar lantarki, ba ta buƙatar ma'aikaci na musamman, babu injin da zai lalace a cikin jirgi, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan mutanen da suka shekara 10 ko 20 da zuciyar wani, a cikin kula aka kawo musu ita. In mamacin matashi ne, zuciyarsa lafiyayya, tafiyar kuma ba za ta kai awa 3 ba, da wuya wani inji ya ƙara wani abin kirki.

Aibinta biyu ne. Na farko, ba wanda ke iko da sanyin. Ana cewa digiri 4, amma da aka auna an ga yana sauka ƙasa da 2, har ya kusa sifiri, kuma gefen da ya jingina da ƙanƙara ya fi sauran shan wuya. Duk wadda ta taɓa manna tumatir da bangon firiza ta san yadda wannan gefen ke komawa idan ya narke. Na biyu, zuciyar tana cikin duhu, babu yadda za a san halin da take ciki sai an ɗinka ta an saki jini. Haɗarin kuma ba ya hawa daidai ga kowa: zuciyar ɗan shekara 20 tana iya jure awa 5, ta mai shekara 50 kuwa tana fara nuna gajiya tun kafin awa 4. Wannan ne ya sa ake barin zukata masu yawa ba a ɗauka ba. A Amurka, inda ake dashen zuciya sama da 4,500 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na zukatan masu bayarwa ake dasawa. Da ƙasar ta sauya tsarin rabo a watan Oktoba 2018, ta faɗaɗa da'irar farko da ake neman mai karɓa a cikinta zuwa mil 500 na lissafin jiragen ruwa, tafiya ta ƙara tsawo, kular ta fara nuna iyakarta.

Akwatin da ke riƙe sanyi daidai

Mataki na gaba shi ne a bar zuciyar a tsaye ba bugawa, ba oksijin, amma a raba ta da ƙanƙara. Wanda ya fi shahara shi ne SherpaPak na kamfanin Paragonix, wanda ya shiga asibitocin Amurka a 2018. Ana rataye zuciyar a cikin ruwa a wani gwangwani mai tauri, ba ta taɓa bango, kewaye da ita kuma akwai wasu fakiti masu riƙe sanyi tsakanin digiri 4 da 8. Akwai allo da ke nuna sanyin, likitan da ke jira a ɗakin tiyata ma yana ganin sanyin da inda akwatin ya kai a wayarsa. Sau ɗaya ake amfani da shi a jefar.

Hujjarsa ta fito ne daga wani kundin bayanai da ake kira GUARDIAN, inda aka kwatanta ɗaruruwan marasa lafiya, aka ga kasawa mai tsanani ta ragu da kusan rabi idan aka gwada da ƙanƙara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kundin kamfanin ne yake ɗaukar nauyinsa, kuma ba a raba marasa lafiyan ta ƙuri'a ba, likitoci ne suka zaɓi wace zuciya za ta shiga wane akwati. Masana lissafi suna iya gyara wannan gwargwado, ba su iya share shi gaba ɗaya. Kuma akwatin bai tsayar da agogo ba. Takardar izininsa ma awa 4 ta ambata, ko da yake cibiyoyi suna wuce haka da shi.

Akwai masu ganin digiri 4 zuwa 8 ɗin ma ya yi sanyi da yawa. Likitocin huhu a Toronto sun nuna cewa digiri 10 ya fi kare injin makamashin da ke cikin ƙwayoyin halitta, cibiyar Vanderbilt a Amurka kuma ta ɗauki wannan ta kawo shi kan zuciya. Abin yana ba da fata, amma shekarunsa kaɗan ne.

Zuciya mai bugawa a cikin akwati

Wannan ce hanyar da ta fi jan ido, wadda ake nunawa a talabijin. Injin OCS na kamfanin TransMedics ne, wanda Waleed Hassanein, likita haifaffen Masar, ya kafa a 1998. Kafin a tsayar da zuciya ana ɗibar jinin mamacin sama da lita guda a zuba a injin. A ciro zuciyar, a jona babbar jijiyarta da bututu, a saki jini mai ɗumin digiri 34 ɗauke da oksijin da abinci, sai ta farka ta ci gaba da bugawa a cikin akwati mai gani-har-hanji. Duk tsawon tafiya wani yana zaune kusa da ita yana duba ƙarfin jini da yawan da ke ratsa jijiyoyinta, yana ɗibar jini yana auna laktet. In zuciyar tana shanye laktet, alama ce mai kyau. In tana ƙara fitar da shi yana hawa, sai a yi tunani sau biyu kafin a buɗe ƙirjin mai jira.

Babban gwajin farko, PROCEED II, ya fito a mujallar Lancet a 2015. An raba mutum 130 ta ƙuri'a, kuma zukatan duk masu kyau ne. Waɗanda suka kai kwana 30 da zuciyar tana aiki: kashi 94 cikin 100 a ɓangaren inji, kashi 97 a ɓangaren ƙanƙara. Wato injin bai gaza ba, amma bai fi ba. Abin lura shi ne zukatan injin sun daɗe a wajen jiki, minti 324 a matsakaici, na ƙanƙara kuma minti 195. Darasin da na ɗauka daga nan: ga lafiyayyar zuciya a tafiya ta kusa, biyan kuɗin OCS asara ce. Amfaninsa yana wajen zukatan da a da ake bari, na masu shekaru, na masu kaurin bango, na nesa. A gwajin EXPAND an sa irin waɗannan a injin, fiye da kashi 80 cikin 100 suka dasu. A kan haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izini a watan Satumba 2021.

Yana da nasa matsalolin da tallar ba ta faɗa. Zuciyar tana bugawa ne babu kaya, ba ta tura jini kamar yadda za ta yi a jiki, don haka ganin tana motsi ba ya tabbatar da ƙarfinta, laktet ɗin ma ba ma'auni ne marar kuskure ba. In ta daɗe tana shan ruwa ta kumbura. Sau biyu ake sanyaya ta, kafin ta hau injin da bayan ta sauka. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne wannan: in bututu ya zame ko famfo ya tsaya a sararin sama, zuciyar tana cikin ɗumi ba jini, kuma a ɗumi mintoci ne ke kashe ta. Saboda haka dole a tafi da ruwan sanyi a shirye da mutumin da ya san abin yi. Ga kuma kuɗi. Tun a 2016 hukumar tantance magunguna ta Ingila ta ƙiyasta kayan amfani sau ɗaya a kusan fam 30,000 ga kowace zuciya, ban da ma'aikata da jirgi. A Amurka kamfanin ya sayi nasa jiragen a 2023, yana aika nasa likitocin su ɗauko zuciyar, abin da ya sauƙaƙa wa asibitoci aiki ya kuma ɗaure su da kamfani ɗaya.

Inda injin ya canza komai: mamacin da zuciyarsa ta tsaya

Masu bayarwa iri biyu ne. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'urar numfashi tana riƙe da shi, zuciyarsa tana bugawa har lokacin da likita ya tsayar da ita da ruwan sanyi. Akwai kuma wanda ya samu mummunan rauni da babu fatan tashi, iyali da likitoci suka amince a cire na'ura, zuciyarsa ta tsaya da kanta, aka jira minti 5 ba a taɓa shi ba, sannan aka tabbatar da rasuwarsa. A Italiya minti 20 ake jira. Zuciyar wannan na biyun ta sha yunwar oksijin a cikin ɗumi, wani lokaci har kusan rabin awa, shi ya sa shekaru da yawa ba a yarda a sa ta a ƙanƙara a dasa a makance ba.

Asibitin St Vincent na Sidni ne ya karya wannan a 2014, ya farfaɗo da irin wannan zuciya a kan OCS ya dasa. Papworth na Ingila ya biyo baya a 2015, Jami'ar Duke ta Amurka a watan Disamba 2019. Gwajin da ya fito a New England Journal of Medicine a 2023 ya kwatanta dashe 90 na irin wannan da 90 na mutuwar ƙwaƙwalwa a ƙanƙara. Bayan wata 6, kashi 94 na rukunin farko suna raye, kashi 90 na rukuni na biyu. Amma kasawa mai tsanani ta fi yawa a rukunin farko, kashi 15 a kan kashi 5. Ma'ana zukatan suna tashi a makare, suna buƙatar tallafin Ekmo, sannan su warware. Asibitin da ba shi da ƙwararrun Ekmo kada ya kusanci wannan hanya ko da an ba shi injin kyauta.

Akwai wata dabarar mai araha. Bayan an tabbatar da rasuwa, sai a buɗe ƙirji, a ɗaure jijiyoyin da ke hawa kai, a jona gawar da injin jini, zuciyar ta farfaɗo a mazauninta. A nan ana ganin ƙarfinta na gaskiya tana tura jini, hanta da ƙoda ma su amfana, sannan a sake tsayar da ita a sa a sanyi. Ta fuskar aiki dabara ce mai kyau, sai dai ta jawo gardama mai nauyi. An ce mutum ya rasu saboda jininsa ya daina gudana, yanzu kuma an dawo da gudanar a jikinsa, an kuma toshe hanyar ƙwaƙwalwa da gangan. Ƙungiyar likitocin cututtukan ciki ta Amurka ta fito ta nuna rashin amincewa a 2021, Ostareliya ba ta yin ta, asibitoci da dama ma sun hana.

Ga al'ummar Musulmi wannan babi ba na gefe ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuwa, a 1987, ta halatta cire na'ura daga irin wannan majinyaci amma ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Duk inda jama'a suka fi natsuwa da ra'ayi na biyu, zuciyar da za a samu ita ce wadda ta riga ta tsaya, kuma a nan kular ƙanƙara ita kaɗai ba za ta wadatar ba.

Sanyi tare da oksijin

Hanya ta huɗu ta haɗa rabin wannan da rabin wancan. Zuciyar tana tsaye ba ta bugawa, a digiri 8, amma wani ƙaramin famfo yana tura mata ruwa a hankali ta jijiyoyinta, ruwan da ke ɗauke da oksijin, jajayen ƙwayoyin jini daga bankin jini, sinadarin albumin da ke hana kumburi, da abinci. Farfesa Stig Steen na Jami'ar Lund a Suwidin ne ya gina ta, kamfanin XVIVO ke ƙera injin. Tunanin ba sabo ba ne, a Afirka ma aka fara gwada shi: a farkon shekarun 1980 Winston Wicomb da David Cooper, a sashen Barnard na Kef Tawun, sun dasa zukata huɗu da aka adana da irin wannan famfo, ɗaya ta wuce awa 16 a waje. Steen ya nuna zuciyar alade tana kai awa 24 ta tashi, aka fara gwaji a mutane a Lund, sakamakon ya fito a 2020. Zuciyar aladen da aka dasa wa David Bennett a Maryland a watan Janairu 2022 ma a wannan injin aka ajiye ta.

A Ostareliya da Niyu Zilan, inda birane suke da nisa ƙwarai, an yi dashe bayan awa 6 zuwa 8, mafi tsawo awa 8 da minti 47. A watan Janairu 2024 likitocin asibitin Pitié-Salpêtrière sun ɗauko zuciya daga tsibiran Faransa na yankin Karebiyan zuwa Faris a cikin jirgin fasinja, tafiyar kilomita 6,750, ta yi awa 12 da minti 6 a wajen jiki, aka dasa wa dattijo mai shekara 70 ta kama aiki. Jirgin fasinja fa, ba shatar jirgi ba, wanda shi ne ke cinye kuɗi a dashen nesa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce gwajin Turai da Lancet ta buga a watan Agusta 2024: cibiyoyi 15 a ƙasashe 8, mutum 204 da aka yi wa dashe bayan rabon ƙuri'a. Babban ma'aunin gwajin ya haɗa mutuwa da kasawa da ƙin jiki wuri ɗaya, ya fito kashi 19 a inji, kashi 30 a ƙanƙara, bambancin kuma ya gaza cika sharaɗin lissafi da ƙiris. Dole a faɗi wannan. Amma kasawar sabuwar zuciya ita kaɗai ta sauka daga kashi 28 zuwa 11. A cikin hanyoyin nan huɗu, wannan ce kaɗai ta nuna irin wannan ragi a gwajin ƙuri'a a kan ƙanƙara. Wani abin da na fi so game da ita: in injin ya tsaya a hanya, zuciyar tana cikin ruwan sanyi, ta koma kamar tana kula, ba a rasa ta ba. Rauninta shi ne ba ta bugawa, ba ka ganin aikinta, kuma kamar OCS sai an sa mata bututu an samo jini. Ga zuciyar da ta tsaya da kanta an fara gwada ta a Beljiyam da Ostareliya, amma adadin bai kai na OCS ba.

To, wanne za a ɗauka?

In mamacin matashi ne da mutuwar ƙwaƙwalwa, a gari ɗaya ko maƙwabcinsa, ƙanƙara ta isa, kuma asibitin da ya ce haka yake yi ba a baya yake ba. In lissafi ya nuna za a kai awa 3 zuwa 4, ko mamacin ya haura shekara 40, ni zan so a bar ƙanƙara a koma akwatin da ke riƙe sanyi. In za a wuce awa 4 da nisa, ko kuma mai karɓar an taɓa buɗe ƙirjinsa, yana ɗauke da famfon roba mai taimaka wa tsohuwar zuciyarsa, wanda cire shi zai ci lokaci, sanyi mai oksijin ne zaɓina a inda doka ta ba shi izini. OCS na ajiye shi ga wuri biyu: zuciyar da ta tsaya da kanta, da zuciyar da ake kokwanto a kanta ana so a gan ta kafin a yanke shawara. Babu wani babban gwajin ƙuri'a da ya haɗa injinan nan uku fuska da fuska, don haka duk wanda ya ce maka nasa ya doke na wancan, da ƙanƙara ya gwada shi.

Ga ƙasar da ke shirin farawa, inji shi ne abu na ƙarshe a jerin sayayya. Daga Kano zuwa Legas awa ɗaya da rabi ne a jirgi, wato yana cikin iyakar sanyi zalla in hanyar filin jirgi a buɗe take. Indiya ta magance wannan ba da inji ba: 'yan sanda ke share wa motar zuciya titi daga asibiti zuwa filin jirgi, tsarin da aka fara a Chennai a 2008. Abin da ke gaba da akwati shi ne dokar tabbatar da mutuwa da jama'a suka yarda da ita, ɗakin kulawa ta musamman da lantarkinsa ba ya yankewa, bankin jini, ɗakin gwajin dacewar nama, da maganin hana ƙin jiki da majinyaci zai sha har ƙarshen ransa.

Iyalin da ke magana da asibitin waje kuwa, ga abin da za su tambaya, kuma a nemi amsar a rubuce. Dashen zuciya nawa kuka yi bara, nawa ne suke raye bayan shekara guda? A matsakaici awa nawa zuciya take yi a wajen jiki a wurinku? Da me kuke ɗauko ta, kuma in daga nesa ce me kuke canzawa? Mutum nawa cikin 100 suke buƙatar Ekmo bayan dashe, kuma kuna da masu kula da ita dare da rana? Kuɗin akwati ko inji da na jirgi yana cikin jimillar da kuka ba mu, ko daga baya zai zo? Sannan a tambayi matsayin baƙo a layi. A Indiya, alal misali, ba a ba ɗan ƙasar waje zuciya sai babu ɗan ƙasa da ta dace da shi, abin da ke nufin zuciyar da za ta iso gare shi tana iya zama ta nesa ko ta mai shekaru, irin wadda hanyar ɗauko ta ke da tasiri sosai a kan ko za ta tashi a daren farko.